Igiyar Ƙafar Sezim

Juma'a, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Gidan nan duk ya gauraye da ƙamshin mai. Tun safe Jipar jenge, matar mai gidan Talant baike (a yarensu baike yaya ne, jenge matar yaya), take suyar fanke saboda bikin gobe. Surukarta Burul Apa, uwar mijin, kuwa tana zaune a bakin ƙofa tana ba da umarni, ko cokali ba ta ɗaga ba. Gobe za a yanke wa jikarta Sezim igiyar ƙafa. Yarinyar ta fara sakin bango tana ɗan taku, lokaci ya yi ke nan.

Ni aka bar wa Sezim, tunda ba a yarda da ni a wajen girki ba. Shekara huɗu na yi ina karatu a Bishkek, babban birnin ƙasar nan, wannan ce shekarata ta biyu ina koyar da Turanci kyauta a ƙauyen nan, a gidan nan nake ci nake kwana, amma har yau Apa cewa take yi mu 'yan Bangaladash barkono kawai muka sani. Duk da haka 'yata take ce mini. Sauran mutanen gari kuwa Eje suke kirana, kamar yadda suke kiran kowace malama.

Mahaifiyata, Ammu, ta kira daga gida. Waya ba ta kamawa sai a lungun da ake jera busasshen kashin shanu na hura wuta.

Sezim ta yi kuka ƙwarai ɗazu. Jenge ta leƙo, hannunta duk ƙullu, ta ce, "Eje, me ya same ta?" Na ce karen maƙwabta ne ya ba ta tsoro. Yanzu ta yi barci.

Gadon katakon da ake zama a kai a tsakar gida ba wani tsayi ne da shi ba. Na tsaya kusa da shi na gwada, da kaɗan ya wuce gwiwata.

Asabar, 16 ga Satumba, da yamma

An yi biki, gari kaf ya zo. Apa da hannunta ta murɗa igiyar, zaren ulu fari da baƙi, ta ɗaure ƙafafun Sezim a ƙofar gida. Yara suka jeru can wajen famfo don tsere. Wanda ya riga isowa shi zai karɓi wuƙa ya yanke igiyar, yarinya kuma ta gaji ƙafarsa.

Begimai ce ta zo ta ɗaya, 'yar maƙwabcinmu, ɗalibata ta aji shida. Ta baro samarin aji tara suna haki kamar tsofaffin jakuna. Talant baike yana ta yi musu tsiya: "Kai, kun ji kunya! Ku zo Apa ta raba muku ɗankwali."

Begimai ta yanke igiyar cike da murna, ta kama hannun Sezim za ta taka da ita. Sezim ta ɗage ƙafar hagu sama, ta ƙwalla ƙara, ta zauna daɓas. Aka yi dariya, aka ce taro ne ya firgita ta. Aka sake tsayar da ita, ta sake zama.

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ai yarinyar can sama take kallo da ta zo yanka. Ni na gani da idona."

An sa mini nama mai kyau, rabon baƙo. Na tura wa yara.

Lahadi, 17 ga Satumba, da hantsi

Ba ta taka ba.

Litinin, 18 ga Satumba, bayan an tashi daga makaranta

Rabin ajin suna gona wajen haƙar dankali. Waɗanda suka zo kuma ba karatu ya kawo su ba, Begimai suka zo tsokana. Sun sa mata suna Mai Nauyin Hannu. Wani ya ɗaure ƙafafunsa da maɗaurin takalmi yana tsalle yana cewa, "Rufa mini asiri, kada ki yanke!" Na daka musu tsawar da ban taɓa yi ba, har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya. Begimai ba ta ɗago kai ba har aka tashi.

Darasin yau a littafi sassan jiki ne, kuma da ƙafa aka fara. Na tsallake shafin.

A gida Sezim rarrafe take yi, tana jan ƙafar hagun a baya. Babu kumburi sosai. Na duba lokacin da ba kowa a ɗakin. Da ta gan ni ta miƙo hannu in ɗauke ta, tana dariya. Gara ma a ce ta guje ni.

Laraba, 20 ga Satumba, da azahar

Jenge ta kira Gulbara, ma'aikaciyar jinyar ƙauye. Ta zo da takalmin gona a ƙafarta, ta lallatsa ƙafar, Sezim ta yi ta tsala ihu.

Gulbara ta ce, "Ta faɗi ne?"

Jenge ta ce, "Ina fa! Kullum tana hannuna. In ba ni ba Apa, in ba Apa ba Eje." Ta juyo ta kalle ni. "Ko ba haka ba, Eje?"

Na gyaɗa kai.

Gulbara ta ce, "To in dai ba faɗuwa, ba na jin karaya ce. Ga haƙori tana fitarwa, ga shagwaɓa, kun bi kun sangarta ta da ɗauka. Ku ba ta madara, ku riƙa sa ta a rana. Da faɗuwa ta yi, da yau ɗin nan zan ce ku tafi asibitin birnin Narin a ɗauki hoton ƙashi, don ƙashin yaro ba ya jira."

Apa ta ce, "Ni dai na faɗa muku, yankan ne bai yi kyau ba."

Ba wanda ya riƙe mini wuya. Ni na gyaɗa kaina da kaina.

Juma'a, 22 ga Satumba, da safe kafin makaranta

Ammu ta kira jiya, ban ɗauka ba. Ita ba ruwanta, amma ba na son jin muryarta yanzu.

Ran nan na jajibirin biki ma ba wata muhimmiyar magana muke yi ba. Labarin bikin 'yar ƙanwarta take ba ni, wa ya sa wane kaya, wa ya ci kifi har ya kasa tashi. Ina ta dariya a lungun kashin shanu, na juya wa tsakar gida baya. Na zaunar da yarinyar a tsakiyar gadon, na ba ta cokali tana wasa, na ce yanzu zan dawo. Sai na ji ƙara kamar an yar da ƙaramin buhun gari.

To ga shi na rubuta. Ban ji wani sauƙi ba.

Ina ta gaya wa kaina cewa in na faɗa, ƙungiyar da ta turo ni za ta mayar da ni gida, yara su rasa malama a tsakiyar zango. Ƙarya nake yi. Yaran nan dankali ya fi ni muhimmanci a wurinsu. Kunya nake ji, shi ke nan. Da na faɗa tun a ranar, da faɗa kawai zan sha. Yanzu kuwa sai na haɗa da bayanin kare, da bayanin Gulbara.

Yara suna warkewa da wuri. Kowa ya san haka.

Asabar, 23 ga Satumba, da yamma

Ba ta taka ba. Gadon ba wani tsayi ne da shi ba.

Litinin, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Begimai ta daina zuwa makaranta. Na bi ta gonarsu, na same ta tana tsince dankali a bayan uwarta. Uwar ta amsa gaisuwata a daƙile, ta ce, "Eje, ku bar mini 'yata ta huta. Ta yi gudu, ta ci tsere, ya zama laifi. Jiya mun je sayen gishiri wata ta janye jaririnta daga kusa da ita."

Begimai ta rako ni bakin gona. Ta ce, "Eje, don Allah ni na yi mata? Wallahi ƙasa nake kallo. Igiyar nake kallo."

Na ce, "Ba ke ba ce."

"To wa?"

Na ce mata wani abin daga Allah ne. Ni malama, na kalli tsabar idon yarinya 'yar shekara goma sha biyu na jingina wa Allah aikina. Ta ba ni manyan dankali guda biyu in kai wa Sezim.

Talata, 26 ga Satumba, da sassafe

Na taya jenge tatsar shanu. Da can lokacin nan ne muke hirarmu, ina koya mata Turanci tana koya mini zagin Kirgizanci, muna dariya ƙasa-ƙasa kada Apa ta ji. Tsararta ce ni, wata uku ta ba ni. Yau ba ta yi dariya ba. Ta jingina goshinta a cikin saniyar ta ce, "Eje, ke da kika yi karatu, gaya mini gaskiya. Ko wani abu na ci lokacin da nake da cikinta?"

Na ce a'a. Bakina ya buɗe zai ci gaba, sai saniyar ta harbi bokiti, muka bi madara da gudu. Na ji daɗin zubewar madarar nan, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 28 ga Satumba, da azahar

Apa ta turara gidan da ganyen arca, wata bishiyar duwatsu mai ƙamshi, har idona na ruwa, ta zagaya kan Sezim da hayaƙin. Na yi ta maza na ce, "Apa, da an kai ta asibitin Narin dai an duba."

Ta ce, "A ce wa likita me? Ba ta faɗi ba, ba zazzaɓi, tana cin abincinta. A ɗauki yarinya a yi ta jijjiga ta a kan duwatsu rabin yini don a ce mana haƙori ne?"

Talant baike ya ce shi ma ciyawar hunturu ba ta gama shigowa ba, in an gama sai a gani.

Sai Apa ta dafa gwiwata. "Jibi za a sake ɗaure igiyar. Ba taro, ba tsere. Ke za ki yanke, 'yata."

Na ce ni baƙuwa ce, ban san kan abin ba.

Ta ce, "Wace baƙuwa? Ke da kika ƙetare duwatsu da teku kika zo nan ko tuntuɓe ba ki yi ba? Ƙafa irin taki nake so jikata ta gada. Ga ilimi, ga gaskiya."

Talant baike ya ce, "Sai dai kada ta gaji girkinta," aka yi dariya. Har da ni aka yi dariyar.

Asabar, 30 ga Satumba, da yamma

Na yanke.

Apa ta ɗaure, ta yi addu'a, ta miƙo mini wuƙar ta wajen ƙotar. Na durƙusa. Daga nan ƙasa na ga abin da ban gani ba a tsaye: ƙafar hagun ta ɗan karkace daga ƙasan gwiwa, tafin yana kallon waje. Sezim tana wasa da gashina. Na sa wuƙa na yanke, igiyar ta faɗi, Apa ta ce amin.

Suka ce in taka da ita. Na kama hannayenta biyu na tsayar da ita a kan ƙafar da na san abin da ke cikinta. Irin ƙarar da ta yi, ban taɓa jin yaro ya yi ba. Jenge ta fizge ta ta shige ɗaki.

Apa ta yafa mini farin ɗankwali, tukwicin mai yanka. Ta ce, "Kada ki damu, ba a rana ɗaya yake kamawa ba."

Lahadi, 1 ga Oktoba, da hantsi

Ɗankwalin yana ƙarƙashin katifa. Ba na son ganinsa.

Talata, 3 ga Oktoba, bayan makaranta

Dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu jiya. Mai gadin makaranta ya ce in ta sake zuba sau ɗaya, hanyar Narin sai babbar mota.

Na ce wa Talant baike dole in je Narin jibi a sabunta mini takardar zama, in ba haka ba za a kore ni daga ƙasar. Takardata lafiyarta ƙalau har bazara. Ya yi ta mita, wai ku baƙi da takardunku kamar awaki da ƙararrawa, amma ya ce zai kai ni. Sai na ce wa jenge, "Tunda mota za ta, ki ɗauko Sezim mana. Ba abin da za a rasa."

Apa ta taɓe baki, amma ba ta hana ba.

Ƙarya ce ta kawo mu nan, kuma da wata ƙaryar nake neman fita. Na lura na ƙware.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da la'asar, a cikin mota a ƙofar asibiti

Suna ciki ana sa mata filasta. Na ce kaina ke ciwo na fito.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da wasa. Ta ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaushe ta faɗi?"

Talant baike ya ce, "Ba ta faɗi ba, likita. Igiya ce aka…"

"Kai, rabu da ni da igiya! Igiya ba ta karya ƙashi. Wannan karaya ce, ta kai mako uku, har ta fara haɗewa a karkace. Da a makon farko kuka zo, da filasta kawai zan sa ku koma gida. Ina kuke duk kwanakin nan?"

Ya juya kan jenge. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai yau. "Ke! Yarinya ta karye a hannunki kika rufe mu? Kika bar uwata tana ta turare? Wace irin uwa ce ke?"

Jenge ba ta kare kanta ba. Ta ƙanƙame yarinyar tana cewa, "Wallahi ban sani ba, wallahi ban gani ba," tana duban ƙasa kamar mai neman ranar da abin ya faru. Na ga alama ta fara yarda cewa ita ce.

Likita ta ce, "Ni ba shari'a nake yi ba. Ina son in san rana, da tsayin wurin."

Sai na ji muryata tana cewa, "Ranar Juma'a, jajibirin biki. Daga kan gadon tsakar gida, a kan dutsen da ke gefensa."

Likita ta rubuta, ba ta ko ɗago ba. Ita ranar take nema, ta samu. Jenge ta ɗago ta kalle ni, ta ce a hankali, "Kare."

Na ce, "Babu kare."

Za a kai ta Bishkek a gyara ƙashin. Likita ta ce tafiya kam za ta yi. Ko za ta riƙa ɗingishi, wannan ba za ta iya faɗa ba tukuna.

Juma'a, 6 ga Oktoba, da azahar

Mun kamo hanya daga Narin zuwa gida. Talant baike ko rediyo bai kunna ba.

Shi ya gaya wa Apa, ina jin su ta bango. Na zauna a bakin katifa ina jiran a kira ni. Na shirya a zage ni, a watso mini kayana waje. Wallahi so nake a yi. Ba a kira ni ba. Da aka sa abinci, wurina na nan inda yake, can saman shimfiɗa kusa da Apa, kuma ita ta yanko mini nama da hannunta kamar kullum. Na ce, "Apa, ina son in yi magana." Ta ce, "Ci abincinki, Rumana." Rabon da ta kira ni da sunana tun makon da na zo gidan nan.

Da safen nan ta sa rigarta ta zuwa biki, ta ɗauki alewa da sabon yadi, ta tafi gidan su Begimai da sandarta. Tsohuwa mai shekara saba'in ta je ba 'yar aji shida haƙuri. Ni ya kamata in je. Ta wuce ni a tsakar gida ba ta ce in zo mu tafi ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da yamma

Talant baike ya farfasa gadon da gatari, ya jera katakon a wajen itacen wuta. Ba gadon ba ne ya yi laifi, kuma shi ma ya sani.

Litinin, 9 ga Oktoba, kafin magariba

Begimai ta dawo makaranta. Ta zauna a gaba, ta yi aikinta tsaf. Da aka tashi ba ta tsaya ta ɗaukar mini littattafai ba.

Gobe da asuba za su tafi Bishkek. Na sami jenge ita kaɗai tana ninke kayan Sezim. Na durƙusa a gabanta na faɗi duk abin da na kwana uku ina haddacewa. Ta bar ni na gama, tana ta ninki.

Ta ce, "Faɗuwa, kowane yaro yana faɗuwa, Eje. A hannuna ma za ta iya faɗuwa. Amma ranar da muke tatsa, na tambaye ki ko wani abu na ci." Ta ɗaure bakin jakar. "Kina kallona."

Ta tashi ta ɗora shayi, don lokacinsa ya yi kuma aikinta ne.

Muka zauna gaba ɗaya. Sezim tana cinyar Apa, ƙafarta fara sol da filasta, tana ƙwanƙwasa shi da cokali tana dariya. Jenge ta zuba wa Apa, ta zuba wa mijinta, kowa ɗan kaɗan a gindin kofi yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe a zaune ana ƙara masa. Wanda ake so ya sha ya kama gabansa ne kawai ake cika wa kofi.

Ta ɗauki nawa. Ta zuba, ta ci gaba da zubawa har ya kawo baki, ta miƙo mini da hannu biyu, da ladabi, ko ɗigo bai zuba ba.

Apa ta gani. Talant baike ya gani. Ba wanda ya hana ta.

Da zafinsa na shanye. Ba ta miƙo hannu ta karɓi kofin ba.